Usur da Jarka

Ran Juma'a aka yanke magana, bayan la'asar,
a rumfar Mai'unguwa Gariba,
layinmu na bayan babbar kwatar Nima:
duk yaron da bai kai sha takwas ba,
ƙarfe takwas ta same shi a ɗaka.
Wanda aka kama, ubansa sidi hamsin.
Muka ce amin, sai ka ce addu'a.

Ni aka rataya wa usur,
ni Mumuni tela, mai ciwon gwiwa,
wai don fuskata ba ta da wasa.

Daren farko na ji abin da na shekara ashirin ban ji ba:
tsakin tsaka a jikin bango,
tarin Baba Sanda daga gida na uku,
yaron toroto na ƙarshe yana kiran Sakul, Sakul,
ba mai amsawa.
Shagon wasan bidiyo ya ja ƙyaure,
bencin mai shayi ya koma na awaki.
Anti Dede ta tsare dokununta har ya huce,
ta dube ni, ba ta gaishe ni ba.

Biyu na kama a mako:
Inusa ɗan Lariba, ƙwallo a hammata,
da 'yar wajen Azumi, an aike ta sayen maganin sauro.
Na rubuta na farko.
Ta biyun na raka ta gida,
na ce wa littafi ban ga kowa ba.

Sai ran Talata, sha ɗaya da kwata,
famfon bakin masallaci ya yi atishawa.
Kwana tara bai ce uffan ba.
Ya yi kaki, ya tofar da iska da tsatsa,
sannan ya saki ruwa.

Wanda ya san Nima ya san sauran zancen.
Ruwanmu baƙon dare ne, ba ya sallama,
ba ya jiran gari ya waye.
Su wa ke tarbarsa tun da can?
Ƙananan ƙafafun nan da muka kulle.

Na tsaya, usur a baki.
Tagogi suka buɗe,
idanu jere kamar ƙosai a kasko,
ba wanda ya taka ƙofa.
Doka doka ce, Baba Mumuni,
in ji wata murya daga duhu,
dariya ta bi ta ɗaki zuwa ɗaki.

Mai'unguwa ne ya fara fitowa,
zanen barci a kafaɗa, jarka rawaya a kowane hannu.
Sai ladan.
Sai ma'aji, wanda ya kawo zancen sidi hamsin.
Muka yi layi, furfura bayan furfura,
muna tambayar juna yadda ake naɗa gammo.
Lita ashirin da biyar, jama'a!
Ashe haka take?
Ashe wannan ce wuyan Adiza 'yata ke kaiwa ɗaka
sau shida kafin asuba,
ta tashi ta wuce makaranta,
ni ina mitar barcinta ya yi yawa?

Na yi sawu huɗu.
A na biyar gwiwa ta ce ba da ita ba.
Na zauna bakin kwata, riga sharkaf,
usur na lilo a ƙirjina, cike da ruwa,
ko na busa ba zai yi kuka ba.

Da hantsi aka koma rumfa.
Wasu suka ce a sassauta doka
duk daren da famfo ya yi magana.
Na so ɗaga hannu, kafaɗa ta ƙi,
sai na faɗa daga zaune:
ku bar ta yadda take.
Yara su yi barci.
Mu da muka ce amin, mu ɗauka.

Aka yi tsit.
Ma'aji ya harare ni yana matsa ƙugu.
Har yau ba a yanke ba, an ɗage sai wata Juma'a.

Adiza dai jiya ta kawo takardar lissafi,
sha bakwai bisa ashirin.
Ni kuwa gyangyaɗi ya sa na ɗinke
bakin aljihun Alhaji Bawa,
ya zo biyana, ya rasa ta inda zai ciro kuɗi.