Lita Ɗaya da Ɗigo Shida

Takardar ta iso ran Talata, ruwan sama ya jiƙa gefenta.
Babana Ermes ya karanta ta a tsaye,
yatsansa mai baƙin mai ya buga mata hatimi
daidai kan sharaɗi na tara:
daga bana, tseren hawan dutsen garinmu
ba ya karɓar injin da ya haura lita ɗaya da ɗigo shida.

Namu lita uku ne.
Silinda shida a jere, kamar 'yan'uwa a teburin ran Lahadi.
Shekara goma sha ɗaya Baba na gyara masa murya.
In ya yi gurnani a kwanar coci
tattabaru sukan watse daga hasumiya,
tsohuwa Clelia ta rufe taga tana tsine mana,
sannan ta leƙo ta tambayi wa ya zo na ɗaya.

Baba ya ce, mutanen kwamiti a Modena
ba su taɓa ƙona hannu a jikin salansa ba,
da biro suke yanka doki.
Na ce, Baba, kiɗa ya sauya.
Ya ce, to ke ki yi rawar, ni ƙafata ta tsufa.

Duk hunturu na kwana da ƙaramin.
Silinda huɗu, kowace ba ta fi kofin ruwan inabi ba.
Na goge hanyar iska har na ga fuskata a ciki,
na rage wa fistan nauyi, giram bayan giram.
Abin da babba ke yi da ƙirji
shi wannan sai ya yi da ihu:
juyi dubu tara kafin ya yarda ya ja.

Ran awo, Ottavio ya zo da kwalbarsa mai zane-zane,
ya ɗiga mai a silinda, ya duƙa, ya ƙidaya,
ya ɗaure da waya, ya matse dalma.
Inji ya wuce.
Sai sikeli ya tsayar da mu:
mota ta yi sauƙi da kilo ashirin da uku,
sharaɗi na goma sha huɗu kuwa ba ya jin roƙo.

Baba bai ce uffan ba.
Ya tafi gareji, ya yaye bargon da ya lulluɓe tsohon,
ya kwance shi a daren, noti bayan noti,
ya zaro karanshaf, ƙashin bayansa.
Da asuba ya ɗaure mini shi a ƙasan kujera.
Sikeli ya cika.

Na hau dutsen da su biyu,
ɗaya na ihu a gabana,
ɗaya shiru a ƙarƙashina.
A kwanar coci, inda dā nake kokawa da sitiyari,
hancin motar ya shige kamar zare a allura.
A miƙaƙƙen hawa kuwa na taka har ƙasa,
na nemi abin da babu.

Na zo ta huɗu.
Tattabaru ba su tashi ba.

A sama na tarar da shi, agogo a hannu, ido a rufe.
Ya ce, kin makara da giya ta uku bayan gada.
Na ce, ka gani?
Ya ce, na ji.
Sai ya ɗora tafinsa kan bonet mai zafi,
ya daɗe bai ɗauke ba.