Mai Karɓar Riguna a Ƙofar Fada

Shekara ashirin da bakwai ina tsaye a nan,
tsakanin ƙofar tagulla da matakalar marmara.
Sunana Stamatis. Aikina karɓar kwat da hula,
in rataye, in miƙa lamba, in sunkuyar da kai.
Ba wanda ya taɓa neman shawarata,
amma hannu yana da nasa karatun:
na san nauyin kowa a ƙasar nan.

Kafin yaƙi, jakadu ranar Alhamis suke zuwa,
su zauna a benci kamar masu jiran likita.
Yanzu sun daina jira.
Na masu jiragen ruwa da hantsi yake isowa,
kwat ɗinsa na ƙamshin gishiri da taba mai tsada.
Na masu igwa sai rana ta yi sanyi,
gashin dabba a wuya, ƙanƙara a kafaɗa.
Nakan bar ƙugiya ɗaya fayau a tsakaninsu,
kada hannun riga ya taɓa hannun riga
a ce daga wurina fitina ta tashi.

Kakata takan ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ta shekara biyu ba ta bushe ba,
har ta jiƙa hatimin sarki.

Firayim minista huɗu na tuɓe wa riga tun faɗuwar ganye.
Na ukunsu, tsoho Petrakos mai tari,
ya hau bene yana shugaban gwamnati,
ya sauko kafin gahawarsa ta huce.
Ya manta hularsa. Tana nan, ƙugiya ta tara.
Nakan kaɗe mata ƙura.

Wata Talata takarda ta zame daga aljihun jakada.
Na ɗauka don in mayar, amma ido ba shi da linzami.
Sunaye goma sha ɗaya, da harshenmu, bugun keken rubutu,
an tsallake harafi a sunan ministan abinci.
Washegari jarida ta ce mai martaba,
bayan dogon nazari, ya zaɓi mutanensa.
Sunayen nan ne.
Har da harafin da ya ɓata.

A gida Evanthia tana cuɗa dusa da garin wake.
Alkama na can kan teku tana kallonmu,
jiragensu sun toshe bakin tasha.
Aka ce za ta sauka ranar da aka sa hannu.
Aka sa. Ta sauka.
Jirgin da ya kawo ta ya koma maƙare da samari,
da Lefteris namu a ciki, takalmi ya fi ƙafarsa.
Buhu nawa ne ɗa guda? Ban iya lissafin ba.
Burodin kuwa na ci, ba zan ɓoye ba,
na ci da zaitun uku,
ban ɗaga kai na dubi uwarsa ba.

Daren jiya, ƙarfe ɗaya saura,
jakada ya shigo, na miƙa hannu biyu kamar kullum.
Ya wuce ni.
Ya hau wurin sarki da kwat a jikinsa,
ruwan sama na ɗiga a kan kilishi.
Na tsaya da hannuwana a iska
kamar mai roƙon abin da ba a sayarwa.

Da asuba sarki ya sauko shi kaɗai, bai yi aski ba.
Ya ce, Stamatis, rigata.
Ashe ya san sunana.
Na ɗora masa a kafaɗa, na ji ta shafal,
ko rigar mai sayar da kifi ta fi ta nauyi.
Mota na jira, an rufe mata fitilu.

Yau an ce ɗan ƙanensa zai hau,
yaro ɗan shekara tara mai tsoron karnuka.
An aiko mini kafinta da saƙo:
a kafa sabuwar ƙugiya ƙasa-ƙasa,
daidai inda hannunsa zai kai.

Na nuna masa wurin.
Ƙarƙashin ta jakada ne kawai ya rage fili.