Riƙon Ƙwarya

Ranar Talata, a wata kotu a Duluth,
alƙaliya ta tura tabarau zuwa goshi,
ta ce, "Ingrith Salo, kwana sittin.
Ko yini ɗaya ba ƙari sai kin dawo gabana."
Hatimi ya sauka. Takarda shafi uku
ta fi ni sanin inda hannuna zai tsaya.

Teuvo, ɗan kawuna, shekara arba'in da ɗaya,
yana bencin baya yana ƙirga maɓallan rigarsa,
in ya kai biyar ya koma farko.
Uwarsa Aune na asibiti, ɓarin jiki ya shanye,
ita da ta san yawan sukarin shayinsa
da abin da yake nufi in ya yi shiru.

Takarda ta ce: ki zaɓa masa makwanci,
ki sa hannu in likita ya nema,
ki karɓi kuɗin tallafinsa, ki adana rasit.
Ta ce: gidan ba na sayarwa ba ne,
asusun uwarsa ba ruwanki.
Ba ta ce uffan ba kan daren farko
da ya tsaya bakin taga har asuba
yana jiran fitilar motar da ba za ta zo ba.

Mako na uku haƙori ya kumbura.
Likita ya miƙo mini alƙalami,
ni, ba shi ba, alhali bakin nasa ne.
Na juya kujera na fuskance shi:
"Za su sa ka barci, su cire, ka farka."
Ya ce, "Bayan jirgi."
Ashe duk Alhamis suna zuwa bakin tafki
su ga jirgin tama ya ratsa ƙarƙashin gada mai ɗagawa.
Shekara ashirin ba fashi.
Aka ɗage aiki zuwa Juma'a.
Sa hannun nawa ne, ranar kuwa tasa.

Wata ma'aikaciya ta kawo hoton wani gida,
ɗakuna shida, lambu, masu kula dare da rana.
Na gaji a lokacin, ba zan ɓoye ba,
kuma da na ce to, da doka ta tsaya mini.
Teuvo ya kife hoton a kan tebur,
ya ɗora kofinsa a kai.
A rahoto na rubuta: an nuna masa, ya ƙi.

Ƙwarya aka ba ni in riƙe,
ba a ce in kurɓa ba,
ba a ce in juye in zuba abin da nake so ba.

Rasit sun cika kwalin takalmi.
Dala goma sha ɗaya ta hana ni barci
har na tuna da bandar kifi a bakin gada.

Rana ta hamsin da tara, Aune ta shigo kotu a keken guragu,
maganarta a karkace, idonta daram.
Alƙaliya ta tsallake mu duka, ta dubi Teuvo:
"Yaya Ingrith ta riƙe ka?"
Ya yi dogon tunani.
"Ba ta iya shayi ba."

Washegari da tsakar dare ikona ya mutu,
ba ƙararrawa, ba kowa.
Da safe na miƙa masa mabuɗin gida.
Ya juya shi, ya mayar aljihun rigata,
ya ce, "Alhamis."