Kifi Na Ganinki

Daren Juma'a bas ta sauke ta daga Santiago,
ta hauro tudun Valparaíso da jaka a kafaɗa.
Ko takalmi ba ta cire ba, 'yata Ximena,
ta ture gishiri da lemun tsami gefe,
ta buɗe kwamfuta a inda nake gyaran kifi.

Makarantu huɗu ta jera mini a layi.
Ta Filadelfiya, in ji ta, ƙofarta na kallon manyan bankuna,
wanda ya fito daga can ba ya neman aiki, aiki ke nemansa.
To amma, Baba, in mu goma muka ƙwanƙwasa,
ban ga ni ce za a buɗe wa ba.
Ta Landan ta fi sassauci ga baƙo,
sai dai hayar ɗaki ɗaya a garin
ta fi abin da jirginka ke kawowa a wata uku.
Ta Faransa shekara guda ce tak.
Ta Shikago ba ta ce komai a kanta ba,
ta dai daɗe tana kallon sunan.

Shekara biyar tana hawa na tara a banki,
aikinta auna mutane:
wa zai biya bashi, wa zai gudu,
wane kanti ne zai rufe kafin hunturu.
Yau ga ma'auni ya juyo kan mai awo.
Ta rubuta makinta na jarrabawa, ta ja layi a ƙasa,
ta ce da ya ƙaru da talatin da na yi barci.
Don Anselmo bai rubuto takardar shaida ba har yanzu,
sati uku yana cewa gobe.
Ga kuma Matías, wanda ta koya wa aiki da hannunta,
an ɗauke shi bara. Kakansa na da gonar inabi.

Na tambaye ta wannan fili fa, da kika bari fari?
Ta ce nan ne suke son labarina.
Na rubuta, na goge.
Me zan ce musu? Cewa na koyi kaso cikin ɗari
a bakin teku, ina ba matan unguwa canji
da hannu mai ƙarnin merluza?

Na ajiye wuƙa.
Ni ban san Filadelfiya ba, ban san inda take fuskanta ba.
Na san dai shekara arba'in ina zuba taru
a ruwan da bai taɓa yi mini alkawari ba.
Da na zauna ina lissafin ranakun da na dawo hannu wofi,
da ba ki ci ba, da ba ki yi boko ba.
Kifi na ganinki, mai jar koma, na ce mata,
su ma can suna ganin mai ɓoye hannunta.
Rubuta ƙarnin.

Ba ta amsa ba. Ta tambayi takardun gidan,
ko banki zai karɓe su jingina.
Na ce suna cikin gwangwanin biskit na mahaifiyarki,
inda ta bar su.

Ƙarfe huɗu na fito da rigar ruwa.
Fitilar kicin na nan a kunne,
shayinta ya huce, ta yi barci kan hannunta.
Filin nan ya cika har ya zubo shafi na biyu.
A layin Shikago ta rubuta goma sha biyar cikin ɗari.

Ɓawon kifi ɗaya ya manne a kan madannin.
Na kai yatsa zan cire,
sai na bar shi,
na ja ƙofa a hankali, na gangara teku.