Taka, Riƙe, Saki

A kan gadar Ƙofar Nasarawa ta ci amanata.
Na taka kuloci, ya nutse, bai dawo ba.
Giya ta cije, ta ƙi shiga,
'yan adaidaita suka cika min kunne da oda,
wani ya leƙo ya ce, "Malam, in ta gagare ka, sayar!"
Da igiya aka jawo mu Gwammaja.

Baba na zaune a bakin zaure,
hannun damansa a kan cinya, yana rawar nan
da ya fara shekara uku ke nan.
Ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Shafa ƙarƙashin feda."
Na shafa. Danshi, da santsi.
"Masta ce. Robarta ta mutu, tana hawaye ta ciki."

Ƙofar Ruwa, rumfar Ilu Mai Fijo.
Ya dire min guda biyu a kan benci:
sabuwa a kwali, sai ƙyalli take,
da 'yar Beljiyam mai tsatsa a wuya.
Na kai hannu ga mai ƙyalli.
Ilu ya ce, "Anya kai ɗan Sallau ne?"
Na ɗauki mai tsatsar, da gwangwanin man birki.

Sifana mai lamba sha uku, noti biyu,
ɗaya ya bi ni salin-alin,
ɗayan sai da ya karɓi fatar yatsana.
Na zare fil, na kwance bututu,
baƙin mai ya bi gwiwar hannuna kamar tsohon shayi.
Na ɗaura, na ɗaure, na cika kofi.

Saura fitar da iska,
ita kuwa ba ta fita wa mutum ɗaya.
Na duba lungu, yara duk sun tafi kallon ƙwallo.
Baba ya ce, "Ɗaga ni."

Ban san ya yi rashin nauyi haka ba.
Na zaunar da shi a mazaunin direba.
Ciwon ya cinye dama, ya manta da hagu,
kuloci kuwa na ƙafar hagu ne.

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Taka! Taka! Riƙe!
Na sassauta, kumfa ta yi tsartuwa.
Saki!
Ina ɗan shekara tara ni ne a sama,
a bakin kujera, da ƙyar yatsuna ke kaiwa,
muryarsa na tasowa daga ƙasan motocin mutane.
Yau tawa ce ke tasowa, har da tsawar.
Kuma yana bi.

A zagaye na bakwai man ya fito garau.
"Ta yi tauri," ya ce. "Ta kama."

Ladan ya kira magariba, bai sauke ƙafa ba.
Hannun nan mai rawa ya lallaɓa, ya hau kan giya.
Na buɗe ɗaya ƙofar, da baƙin maina da komai,
na ɗora nawa a kan nasa.
Muka tura.
Ta shiga ɗaya, ko ƙara babu.