Gida na Goma

Ranar Talata, da aka dawo daga tara,
Malama Gwamma ta ɗiga ɗigo a allo
da guntun allin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ta ce, "Ga mutum."
Ta kewaye shi: "Gidansu."
Ta ƙara: "Unguwa." Ta ƙara: "Gari."
Alli ya ƙare ba ta kai ga ƙasa ba,
ta kaɗe hannu, ta ce saura namu ne.

Ni Arzika, ɗan aji biyar,
na zaɓi ilimin zamantakewa da na jinya
don an ce mini babu lissafi a ciki.
'Yan ajin kimiyya na ganina sai shewa:
"Ga mai karatun gaisuwa da wankin gyambo!"

Aka ba mu aiki: gida goma a Jega.
Wa ke ciwo? Wa ke jinya?
Kuɗin magani daga aljihun wa?
Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti?

Na faro daga bayan 'yan albasa.
Tsoho Nomau ya ce, "Lahiya lau muke, yaro,"
tarinsa kuwa na motsa asabari.
Na rubuta, na ja layi a ƙasa,
don Malama ta ce amsa riga biyu gare ta,
ta fita unguwa da ta kwana.

Gidan Ige mai ƙosai akwai yarinya,
shekara tara ba ta ce uffan ba.
An yi hayaƙi, an yi rubutun sha,
an yanka jan zakara har biyu,
kunnenta ne dai ba a taɓa leƙawa ba.

A bakin gulbi, Jabbi na ɗinkin koma.
'Ya'yansa uku na fama da tsargiya.
Ya ce, "Girma ne ya zo, ni ma haka na yi."
Na buɗe baki da abin da ke littafi,
sai na ga ruwan da zan hana su
shi ne gonarsu, shi ne randarsu.
Na haɗiye rabi, na faɗi rabi.

Gida tara. Magariba ta kawo jiki.
Na zauna a dokin ƙofarmu
ina lissafin inda zan cike layin ƙarshe,
sai muryar Inna daga ɗakin Baba:
"Bismilla. Ba ni kafaɗar. A hankali."

Damina uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye.
Damina uku ina wucewa da jakata,
ina jefa "sannu, Baba" ta bayan labule.

A jarrabawa na rubuta a juya majinyaci
duk bayan awa biyu, kada baya ya ɓare.
Na ci takwas cikin goma.
Inna ba ta taɓa zama kan benci ba.
Agogonta kiran salla da carar zakara,
da wani abu da ke tashinta cikin dare,
kuma ko ƙurji ɗaya babu a bayan Baba.

Tambaya ta ƙarshe a takardata:
Wa ke kula da mai jinya?
Na karanta mata. Ta yi dariya,
ta ce, "Allah mana,"
hannunta ɗaya dafe da ƙugu.

Na aje biro a kan turmi.
Ta kama sama, na kama ƙasa.
Ashe haka yake da nauyi,
kamar buhun shanshera da ruwa ya doka,
mutumin da ya sha ɗaga ni da hannu guda.
Ya dube ni da idon da ke motsi.
Bai iya cewa komai, ni ma haka.

Da safe na miƙa gida tara.
Malama ta ƙirga, ta zaftare maki biyu,
ta ce, "Ina na goma?"
Na ce ban gama shi ba tukuna.
Ta dubi gefen takardar,
inda yatsana ya bar tabon man kaɗanya,
ta daɗe tana dubawa,
sannan ta kira suna na gaba.