Wata Huɗu

Wata huɗu, in ji Dakta Oktay,
biyar in kin yi biyayya.
Ya ɗiga min tawada sau bakwai a goshi
kamar mai sa alama a gidajen da za a rushe,
allura ta bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya.
Zafin bai kai cizon cinnaka ba.

Kada ki kwanta sai bayan awa huɗu.
Kada ki murza. Kada ki sunkuya ɗaure takalmi.
Gidan wankan tururi, ki ba shi hutu.
Ki guji rana.
A Izmir, bawan Allah, in guji rana!
Na yi dariya, ta ƙarshe da ta hau har gira.

Na yi biyayya.
Na sayi malafa mai faɗin faifai,
na bar sigari a aljihun tsohon kwat,
man kare rana safe da azahar,
ƙwayar zinki bayan karin kumallo
don Sevgi ta kantin gaba ta rantse
tana ƙara mako uku.
A jirgin ruwan Karshiyaka
kowa na rububin waje ya sha iskar teku,
ni ina can ciki ina lallaɓa goshina
kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.

A shagon zinariya ciniki ya yi albarka.
Masu saye na cewa, Nermin, kin huta!
Ban huta ba.
Kuɗin haya ya tashi sau biyu,
fuskata ce dai labarin bai iske ba.

Ran Lahadi nake zuwa wurin uwata,
ɗaki na sha ɗaya, gidan tsofaffi na Bornova,
inda sunaye ke tsiyaya daga kanta
kamar shinkafa daga buhun da ɓera ya huda.
Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwali:
Sannu, 'yan mata. Ke ce sabuwar nas?
Na ɓare mata lemo.
Ta yi min godiyar da ake yi wa baƙo.
Lahadi goma sha huɗu ina nas.

Sai abin ya fara saki.
Girar hagu ce ta soma motsi,
kamar mai barcin da ya jiyo ƙarar kofin shayi.
Na buga waya. Alhamis, ƙarfe uku, aka ce.

Lahadin nan na tarar da magungunanta
binne a tukunyar fure, guda tara,
sun jiƙe, sun kumbura.
Ban san na haɗa gira ba.
Ta kamo haɓata da hannunta mai sanyi,
ta ɗora babban yatsa a tsakanin idanuna,
daidai inda na biya a goge.
Nermin, ta ce.
Wannan tsagar ta Rifat ce.
Haka ubanki ke yi in lissafi ya ƙi fita.
Wa ya taɓa min ke?

Minti goma ta san ni.
Ta ce na rame. Ta ce gashina ya yi gajere.
Ta tambayi makullin gidan da aka sayar tuntuni.
Da aka shigo da shayi
ta miƙa min kofi: Bismillah, malama nas.

Katin asibiti na nan a ƙofar firij.
Mai shago ya ɗauki sabuwar yarinya,
shekara ashirin da huɗu, goshi kamar tangaran.
Na gani. Ba makauniya ba ce ni.

Sevgi ta ce kada in jinkirta,
wai in an bar tsoka ta daɗe
sai ta tuna aikinta,
kuɗin baya ya bi ruwa.
Sai ta tuna, na ce.
Eh, sai ta tuna.

Yau Laraba.
Ina gaban madubi tun magariba,
in haɗa, in saki, in haɗa,
shayi ya huce a kan tebur,
waya kuma na kife kusa da shi.